Za a sa wa maigidana zobe a tumbi

Jama'a, ina neman wadda aka sa wa mijinta zobe a tumbi don rage ƙiba, ta faɗa mini abin da zan dafa. Maƙwabciyata ke rubuta mini.

Jiya maigidana ya shigo yana haki, wai Yamai za shi a yi mishi aikin.

Na ce, "Baban Falmata, mu da muka sha yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Sayam, za ka kai kanka a hana ka ci?"

Ya ce, "Lokotoro ya ce zuciyata ta gaji. So nike in ga girman Falmata."

Ina tsoro, amma wallahi zan iya jinyarshi. Na riga na gaya wa uwarshi da yayarshi, kar gobe a ce ni na ramar da shi.