Kawu Bandeji, Mutumin Ƙarshen Benci

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar zauren wasa, Kawu Bandeji ya riga ya jingine kekensa a jikin katanga. Ɗan ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin matakalar 'yan kallo, inda dogon mutum ba ya shiga sai ya sunkuya, kuma duk masu shigarsa dogaye ne. Gado ɗaya ne a ciki, mai shimfiɗar leda da ta tsage ta wajen kai, sai wani tsohon firji da ke yin ƙanƙara ranar da ya ga dama, sai kanta cike da filasta da kwalaben man zafi. Yana isa zai share ɗakin, ya wanke hannu, ya zauna yana naɗe bandejin da ya shanya jiya a kan cinyarsa. Can sai ka ji takun manyan takalma. 'Yan wasa su jeru, kowa ya miƙo ƙafa.

"Ɗora nan," in ji shi. "Duk wannan tsayi, idon sawu kamar na kaza. Me ka yi wa ƙafar nan jiya?"

"Ba komai, Kawu."

"Ba komai ce ta kumbura haka? Ƙafa ba ta iya ƙarya ba, kai ne ka iya."

Shi ne mai tausa da ɗaurin ƙafa na ƙungiyar ƙwallon kwandon garinmu. Ni ɗan jarida ne, kujerata tana bayan bencin ƙungiyar tun ina saurayi har ga shi furfura ta kama ni, kuma na ga ƙeyar Kawu fiye da yadda na ga kwandon kansa. Makon jiya ya ajiye aiki. Ba a yi masa taro ba, ba a ɗauki hoto ba, ko sanarwa ba a yi a lasifika ba. Abin da ya sa ni wannan rubutu ke nan.

Ga wanda bai san gasar cin kofin ƙasa ba: ba kamar wasannin lig ba ce, inda in ka faɗi yau za ka gyara mako mai zuwa. Ita sili ɗaya ƙwale ce. An cinye ka, ka kwashe komatsanka, sai baɗi. Mu kuwa kullum sai baɗi. Duk ranar da aka fitar da mu, shugabannin ƙungiya ta ƙofar baya suke sulalewa, koci yana waje yana fama da mu 'yan jarida, ɗakin sauya kaya kuwa ya yi tsit, ga ƙattin maza sun lulluɓe kai da tawul. Kawu kaɗai ke zagayawa da jakar ƙanƙara, ya ɗora wa wannan a gwiwa, ya ɗora wa wancan a kafaɗa. Kyaftin ɗin ƙungiyar, wanda ake kira Bahago, ya taɓa ce mini, "Bai taɓa cewa mu yi haƙuri ba. Sai dai ya dafa wuyanka ya ce, 'Gobe ka zo da wuri in duba gwiwar nan.' Kai da kake jin duniya ta ƙare, sai ka tuna ashe akwai gobe."

Sau ɗaya tak muka taɓa jin ƙanshin kofin. A shekarar muna da wani ɗan wasa da ake kira Tsani, saboda in ya miƙa hannu sai ka ce hawa yake yi. A wasan kusa da na ƙarshe, a zaurenmu, ana daf da tashi, ya yi tsalle zai danna ƙwallo a kwando, wani ya shiga ƙarƙashinsa ba da gangan ba. Ya juya a sama, ya sauko ta wuya. Ƙarar da katakon filin ya yi har yau tana kunnena.

Abokan wasansa suka ruga za su cicciɓe shi. Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Kada wanda ya taɓa shi!"

Ya zube a kan gwiwoyinsa, ya tallafe kan Tsani da hannu biyu, bai motsa ba har motar asibiti ta zo. Gumi na zuba masa a ido, ba hannun sharewa. Daga baya Tsani ya gaya mini abin da suka ce wa juna a wajen.

"Kawu, ba na jin ƙafafuna."

"Ni ina ganinsu, suna nan. Kai dai kalle ni, kada ka juya."

Aka ƙarasa wasan, muka ci. Gari ya ɗauka, ga mu a wasan ƙarshe karo na farko tun kafuwar ƙungiya. Tsani kuwa yana kwance a asibiti, daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa tsohuwa ce, ko juya shi a gado ba ta iyawa, kuma mai irin wannan ciwo in ba a yawan juya shi sai bayansa ya yi gyambo. Kawu ya tare a asibitin yana jinyarsa. Ranar tafiya wasan ƙarshe, wanda za a yi a wani birni mai nisa, koci da kansa ya zo har bakin gadon.

"Kawu, mota na jira. Wasan ƙarshe ne fa. Tun yaushe kake jiran wannan rana?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Akwai ma'aikatan jinya a nan."

"Akwai. Su ma hannu bibbiyu gare su, ga ɗaki cike. Waɗancan yaran suna da ƙafafun da za su kai su. Wannan fa?"

Motar ta tafi ba shi. A ɗan ƙaramin rediyo ya saurari wasan, hannu ɗaya a kafaɗar Tsani. Aka cinye mu da ƙwallo ɗaya, bayan idon sawun babban mai jefa mana ƙwallo ya goce a zangon ƙarshe. Mutane kuwa in sun sha kaye sai sun nemo wanda za su ɗora wa. Suka ce da Kawu ya je ya ɗaure ƙafar da hakan ba ta faru ba. Wani ya rubuta "maci amana" da gawayi a ƙofar ɗakinsa. Aka sace masa iskar keke, aka yi masa ihu a kasuwa. Ya samo tsumma da ruwa ya goge rubutun, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan shekaru na tambaye shi ko ya yi nadama.

"Na so ganin wasan nan," ya ce. "Wallahi na so. Ta yiwu ma gaskiyarsu ce, da na je da ƙafar ba ta goce ba. Amma ko yau aka sake, a asibitin za ka same ni."

Kai ne wanda aka zaga a kan alheri bai fasa ba, Kawu. Kai ne na ƙarshen benci, na farkon isa wurin wanda ya faɗi.

Da ma a ce labarin ya ƙare da Tsani ya miƙe. Bai miƙe ba. Da farko ana cika ɗakinsa da dubiya, daga baya aka ragu, daga baya aka ɗauke ƙafa ƙaf. Kawu ne kaɗai, kullum in an tashi atisaye, zai taka kekensa zuwa can ƙarshen gari, ya murza masa hannuwa da ƙafafu, ya lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Yau Tsani yana iya kai cokali bakinsa, yana iya tura keken guragunsa zuwa ƙofar gida ya sha iska. Iyakar abin da aka samu ke nan, kuma da jiɓin goshi aka same shi.

"Akwai ranar da na kore shi," in ji Tsani. "Na ce ya daina wahal da kansa, ni na gaji, gara in mutu in huta. Ba irin baƙar maganar da ban gaya masa ba. Ya tsaya yana saurare har na yi shiru. Sai ya ce, 'To, ka gama? Miƙo na hagu.'"

Ba zan ɓoye abin da aikin nan ya ci masa ba, don 'yarsa ta ce in rubuta. Wata shekara ƙungiya ta tafi wasan kofi a wani gari, mai ɗakinsa tana ɗan fama da jiki, ta ce masa ya je ba komai. Da rana ciwon ya tashi.

"Mun yi ta kiran wayarsa," in ji 'yar, "tana cikin jaka, shi yana bakin fili. Kafin ya iso an gama komai. Na dube shi na ce, 'Baba, ƙafafun 'ya'yan mutane sun fi maka mu.' Ya shiga ɗakin Mama ya zauna a bakin gadonta. Na daɗe ba abin da ke haɗa ni da shi sai gaisuwa."

"Yanzu fa?" na tambaye ta.

"Ban ce na manta ba. Amma ubana ne. Na gyara masa ɗaki a gidana."

Abin da ya raba shi da aiki kuwa, sanyin ƙashi ne ya kama masa hannuwa. Yatsun sun kumbura, sun karkace, da safe sai ya tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su buɗe. Ya ɓoye iya ɓoyewarsa. A bana, a zagayen farko, wata ƙaramar ƙungiya da ba wanda ya san da ita ta zo har gida ta yi waje da mu. Na leƙa ɗakin sauya kaya bayan wasan. Kawu ya durƙusa gaban Bahago zai yanke masa filastar ƙafa, ya sa yatsu a almakashi, ya matsa, almakashin ya ƙi rufuwa. Ya sake matsawa. Duk ɗakin ana kallo, kowa na yi kamar ba ya kallo.

Bahago ya zare almakashin a hankali ya ajiye.

"Kawu, tashi ka zauna nan."

"Ban gama ba."

"Ka gama, Kawu. Zauna."

Ya zaunar da shi a kan benci, ya buɗe kwalbar man zafi, ya kama hannun dama yana murzawa. Wani ya zo ya kama na hagu. Kawu ya kau da kai wajen bango. Da ƙyar na ji abin da ya ce: "Ba haka ake yi ba. Daga tsintsiyar hannu ake farawa." Wasu suka yi dariya, dariyar da ba ta kai ko'ina ba ta koma kuka.

Kawu Bandeji, ba ka taɓa ɗaga kofi ba, ko taɓa shi ba ka yi ba. Mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suke tafiya da ƙafafunsu yau ba su san albarkacin wa suke ci ba, da waɗanda suka yi maka ihu, da ma waɗanda suka wuce ka ba sallama. Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan mai ɗakinka, ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma samarin da ke son shiga harkar nan, ba kowa ne zai yi tsayin kwando ba. Akwai aiki a ƙasa, wurin wanda ya faɗi, kuma masu yinsa sun yi kaɗan.

Shekaranjiya na je gaishe shi a gidan 'yarsa. Yana zaune a tsakar gida, hannuwa a cinya. Bai tambaye ni wa ya kai zagaye na gaba ba, bai tambayi wa aka ba ɗakin aikinsa ba. Da na miƙe zan tafi ya kira ni.

"Ɗan jarida, kai da kake jin labarin kowa. Wa ke zuwa wurin Tsani yanzu?"

Ina roƙon wani daga cikin masu karanta wannan ya samo mana amsa.