Curin Fura Bakwai a Cikin Firiza

Ko da zan manta komai na zamanmu a Doha, ba zan manta yammacin ranar ƙarshe kafin shiga shekarar dubu biyu ba. Duniya na fargabar kwamfutoci za su rikice, ni kuwa fargabata ba ta wuce wata ƙaramar leda da ke ƙasan firizata ba.

A farkon shekarar na haifi 'yata ta fari, Innata ta zo daga Kano don ta yi mini wankan jego. Muna zaune a unguwar Mu'aither lokacin. Da geronta ta zo, da kayan ƙamshi, da wani ɗan turmi da ta naɗe cikin zannuwa, wai ba za ta zauna a garin da babu fura ba. Kafin ta koma ta yi daka na kwana biyu, har maƙwabta suka leƙo su ga ko gini muke rushewa. Ta cure furar, ta baɗe da gari, ta cika mini firiza. Da damina ta faɗi a gida aka bugo waya cewa Allah ya yi mata rasuwa. Ban samu zuwa ba sai bayan sadakar bakwai. Da na dawo na buɗe firiza, saura curi bakwai, kuma daga ranar na hana kowa taɓa su.

Ba na sha, ba na bayarwa. Kullum da safe sai na ɗaga murfin na tsaya ina kallon ledar har sanyi ya dame ni, sannan na rufe. Yanzu na san ba hankali a ciki, amma a lokacin gani nake muddin furar nan tana nan, Inna ba ta gama tafiya ba.

Sai ga maganar kwamfuta ta cika gari. Wai injinan lamba biyu kawai suke riƙewa na shekara, to idan casa'in da tara ta ƙare za su ɗauka an koma shekara ɗari baya, komai ya tsaya cak, har da wutar lantarki. Mutane suka afka kantuna, kyandir da batir suka yi wuyar samu. Da farko dariya abin ya ba ni. Mu da muka yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai, wai mu za a tsorata da ɗauke wuta? Tun da na zo ƙasar ban ga ko ƙwan fitila ya ƙifta ba, har kewar ihun yara nake idan an kawo wuta. Ina tsaka da wannan cika bakin na tuna da firiza, dariyar ta tsaya.

Maigidana injiniya ne a tashar wuta, watanni yana kwana a wurin aiki saboda wannan matsalar. Na tare shi yana ɗaura takalmi na ce, "Don Allah ka faɗa mini gaskiya, za a ɗauke?"

Ya ce, "Mun yi namu, saura na Allah."

"Idan an ɗauke, kwana nawa?"

"Hajiya, ni ba zan rantse miki ba."

Raina ya ɓaci sosai. Mutum ya yi shekaru yana karatun wuta, amma amsar da zai ba ni ita ce wadda ko mai shayi zai bayar.

Ranar ta faɗo Juma'a, cikin goman ƙarshe na azumi. Yana saukowa daga masallaci ya wuce aiki. Na rasa abin yi, sai na tafi gun maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi mai dafa abinci a wata makaranta, wadda nake kira Yaya. Na roƙe ta ta raka ni neman ƙanƙara. Na kuma faɗa mata dalilin.

Ta ce, "Ƙanƙara kwana nawa zai yi? Idan ya narke, furar ya yi tsami, shara za ki zuba. Abin da mamanki ya daka da hannunsa, a shara?"

Na ce, "Yaya, idan na sha ai ta ƙare."

Ta ce, "To don a kalla ya daka? Yalla, tashi mu je."

Haka ta sa ni gaba har gidana. Na fito da ledar bayan la'asar. Da sanyin ya saki furar, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon kallon da nake yi ta cikin leda: shatin yatsun Inna a jikin kowane curi, har da wurin da babban yatsanta ya lotsa. Nan na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba a gidan makoki. Yaya ba ta ce mini na yi haƙuri ba. Ta ɗauko kwano da ludayi, ta zuba madarar kanti mai tsami, ta miƙo mini ta ce ni zan dama.

Da aka kira sallah muka buɗe baki da ita. Citta da kanumfari suka bugi hancina, daidai yadda Inna take cika su har mu yi ta mita. 'Yata tana kan cinyata, wata tara ke gare ta, tana ta miƙo hannu. Na ɗiba a cokali na sa mata. Ta yamutsa fuska saboda yajin, ta haɗiye, ta sake buɗe baki. Yaya ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Khalas, shi ke nan, kaka ya ciyar da jikansa."

Wuta kuwa ko motsi ba ta yi ba. Da safe maigidana ya dawo idanunsa jajur, na ce masa na ajiye masa kofi ɗaya sai an sha ruwa, na kuma fara yi masa tsiya cewa ya sa na shanye furata a banza. Ya ce tun watan jiya suka gama gwaje-gwajensu, hankalinsu kusan a kwance yake. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Ban yi miki ƙarya ba. Na dai gaji da ganinki a tsaye bakin firiza kullum." Na yi fushi na wuni guda, daga baya na gode masa.

Yau 'yar tawa ta girma, ba ta san fuskar kakarta ba sai a hoto, amma idan ana zancen Inna takan ce ita ma ta ci abincin hannunta. Da na ci gaba da ɓoyon furar nan, da ba ta da ko wannan. Abin da na koya ke nan: abin da masoyi ya bar maka, amfani da shi da raba shi ne riƙonsa. Na yi watanni ina gadin abinci don kar na rasa uwata, alhali ita don mu ƙoshi ta daka.