Mai Duba Mini Aiki

A kamfanin manhajar da nake shugabanta, ba a sakin aiki sai wani ya bi shi layi-layi, kada ɓarayin intanet su sami kafa. Ma'aikata na ƙorafi, ko a jikina.

A gidanmu na Unguwar Kanawa na koya. Babana akawu ne. Ko takardar neman hutu ya buga, sai Inna ta karanta, tana tsince shinkafa. In ta kama kuskure, ya yi ta gunaguni, amma ya sake bugawa.

Yanzu aikin kowa gabana yake zuwa. Nawa kuwa, sai a ce, "Ya yi, yallaɓai." Wallahi ina kewar muryar Inna tana cewa, "Malam, nan ba daidai ba ne."