Soket Huɗu a Ƙarƙashin Jan Kafet: Ga Kuruvilla Mai Aikin Lantarki

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi, ana tsuga ruwan damina, ƙararrawar cocinmu ta shiga bugun ɗaya-ɗaya da ake yi wa mamaci. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce Kuruvilla mai aikin lantarki ne, zuciyarsa ta tsaya yana ɗaure jakar kayan aikinsa. Shekararka saba'in da ɗaya. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa.

Kuruvilla-chettan, ko chetta kamar yadda muke kiranka, wato yayan kowa a ƙauyen nan, ka san ni ba mai saurin yarda ba ce. Na yi shekaru ina koyarwa a jami'ar Kottayam, kuma abin da na fi koya shi ne duba bayan takarda. Kai ma ban ƙyale ka ba. Shekarar da ambaliya ta shiga gidan mahaifiyata, ka zo cikin ruwa har gwiwa, ka cire mana wuta, ka ƙi mayar da ita sai da bango ya yi kwana tara yana bushewa. Na ɗauka so kake a yi ta roƙonka. Sai daga baya na ji cewa kullum da yamma kana kawo wa tsohuwar fitilarka ta caji, ka karɓe ta da safe ka cika, ka sha shayi da soyayyar ayaba a tsaye, ka wuce. Da na yi maka ƙorafi ka ce, "Malama, digirinki biyu, amma jiƙaƙƙen bango bai iya karatu ba."

Shekara arba'in kana kula da wutar cocinmu. A watan Fabrairun bara kwamiti ya so a sa soket a ƙasa, a tsakiyar coci, saboda fankoki da lasifikar mawaƙa. Ina wurin, ni ke rubuta abin da aka tattauna. Ka lissafa abin da ƙa'ida ta ce: akwatin ƙarfe wanda aka ƙera don ƙasa, da murfin tagulla mai bakin roba da ke hana ruwa shiga, wayar ƙasa, na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, a sa su a fili kusa da ginshiƙai, sannan sifeto ya duba ya sa hannu.

Chandy, sakataren kwamiti, ya ce tagulla a fili za ta ɓata sabon daɓen. Yana da dabara. Jan kafet ɗin da ya tashi daga ƙofa zuwa bagade, tsakanin sahun maza da na mata, ba mai taka shi, domin mun bar shi ga waɗanda suka riga mu, su ma su tsaya ibada tare da mu. Ya ce a ɓoye soket ɗin a ƙarƙashinsa.

"Chetta, wa zai taka? Matattu ba su da tafin ƙafa."

Aka yi dariya, ban da kai.

"Su ba su da shi," ka ce, "amma matan da ke wanke daɓen nan ranar Asabar suna da shi. Bokiti nawa suke kwararawa? Kuma wa ya taɓa shigowa nan da takalmi? Ruwa bai san kafet ɗin na matattu ba ne, Chandy. Ka taɓa ganin ya kewaye shi?"

Ka ce ba da hannunka ba. Ka ajiye makullin ɗakin mita a kan tebur, ka fita. A rubutuna na ranar na sa cewa an ɗage maganar. Bayan wata biyu fankoki suka bayyana a tsakiyar coci suna juyawa, wayoyinsu sun ɓace a gefen kafet. Na gani, na yi shiru, domin iskar tana isowa har inda nake tsayawa. Wannan laifina ne, kuma na rubuta shi nan don kada a ce na manta da kaina.

Ranar jana'izarka Chandy ya yi jawabi mai kyau. Ya yi hawaye daidai inda ya kamata. Sannan ya ce, har sau biyu, duk wata waya da ke cikin cocin nan hannun Kuruvilla ne ya ja ta. Na farkon na ɗauke shi yabo. Na biyun ne ya sa na tuna cewa sifeto zai zo kafin bikin coci, kuma mamaci ba ya musu.

Bayan an binne ka na je wurin Sosamma, matarka. Ban tambaye ta komai ba. Ita ta zaro testa ɗinka, ƙaramin sukudireban gwada wuta, daga aljihun rigar da ka cire, ta sa mini a hannu, ta ce, "Rahel, 'yata, tun bara ya hana ni zuwa wankin Asabar, ya ƙi faɗin dalili a gaban mutane. Je ki duba."

Washegari da rana na roƙi Achen, limaminmu, ya tsaya a kaina in ɗaga jan kafet ɗin. Ya ce ba a ɗaga kafet ɗin sai da dalili. Na ce ai mai dalilin yanzu yana cikin masu kafet ɗin. Ya kama gefe ɗaya, muka ɗaga. Soket huɗu ne, farare, na roba, irin na bangon ɗakin kwana, an tura su cikin siminti ba murfi. Ƙasan kafet ɗin a jiƙe yake. Ɗaya ya yi baƙi a gefe. Na ɗora testa a kan ƙusarsa, ta kama ja.

Chandy ya ce wani ne daga gari ya yi aikin, ya manta sunansa, kuma a jawabinsa zuciya ce ta yi magana. Mai yiwuwa. Zuciyar da ta maimaita jimla ɗaya sau biyu dai ta yi shiri. Achen ya kashe layin da hannunsa, ya kulle ɗakin mita, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce ba za a kunna ba sai an yi yadda ka lissafa, kuma sifeto zai ji sunan wanda ya ƙi aikin.

Saboda haka nake shaida wa duk wanda ya karanta wannan: soket huɗun nan ba aikin Kuruvilla ba ne. Aikinsa shi ne sauran, waɗanda shekara arba'in ba su taɓa jan kowa ba.

Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa cikin haskensa. Ya ba Sosamma haƙuri da ƙarfin zuciya, ya raya 'ya'yanka Aleyamma da Eapen da jikokinka, ya sa su gaji taurin kanka a inda ya dace. Ina miƙa ta'aziyyata gare su, da matan wankin Asabar, waɗanda ba su san wa ya tsaya musu ba.

Addu'arka ta kwana arba'in za a yi ta babu fanka, babu lasifika. Za mu yi gumi, na baya ba za su ji mawaƙa ba. Idan ka zo ka tsaya a kan jan kafet ɗin tare da sauran, chetta, ka tsaya da kwanciyar hankali. An kashe wutar.