Jinjirin Watan da Na Bi Har Bakin Teku

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, a shekarar da 'yan Caina suka tara duniya a ƙasarsu aka yi wasannin guje-guje da tsalle-tsalle.

Tun ina budurwa da abu ɗaya aka san ni a unguwarmu, wato ido. Ranar duban watan Sallah, in maza sun fita bayan gari, ni soron gidanmu nake hawa, kuma sau da yawa kafin su dawo na riga na nuna wa matan gida shi. Mahaifiyata ce ta koya mini, Allah ya jiƙanta. Da wannan idon na shiga sana'ar mayafai, da shi na ci na sha na aurar da 'ya'ya, shi ne kuma ya kai ni har Guangzhou da furfurata. Ban yi boko ba, amma a zube mini mayafai tuli guda, zan zaro miki wanda matan Kano za su yi rububi a kansa.

A wannan tafiyar azumi ya riske ni a can. Ɗakinmu ɗaya da wata Hajiya Badamagariya mai sarin jakunkuna a Shiling. Kun dai san tsakanin Bakano da Badamagare, ba mu kwana ba mu tsokani juna ba. Wata rana ta raka ni kasuwar Shahe, na ɗaga wani mayafi na ce wa mai shagon, da sunan da ake kiran masu shago a can, "Laban, wannan baƙin nake so."

Badamagariya ta ce, "Wane baƙi? Ke Bakanuwa, shuɗi ne fa."

Na ce, "Fitilar shagon ce."

Ta ce, "Jiya ma fitila ce ta sa kika yi wa mutum-mutumin bakin shago sallama? Har kina jiran ya amsa. Ki je ki ga lokotoro ya duba miki ido tun ba ki sari buhun gawayi da sunan leshi ba."

Na yi dariya, na rama, amma maganar ta zauna mini. Na daɗe ina gani dishi-dishi, sai dai garin ya ba ni abin fakewa. Samansa kullum fari-fari yake kamar ruwan koko, hayaƙi da tururi sun lulluɓe benaye, mai lafiyar ido ma ba ya hango nesa. Sai na ɗora wa garin laifi. Amma a zuciyata na san in ba garin ba ne, in idona ne, to sana'ata ta zo ƙarshe, don mai zaɓen launi ba ta da jarin da ya wuce ƙwayar idonta.

Ana cikin haka azumi ya zo gangara, ya kuma haɗu da babban hutunsu na ƙasa. Masana'antu suka rufe, masu shaguna da yawa suka tafi garuruwansu, ba sari ba lodi. Sai na ce wa raina, fitila tana iya yi mini ƙarya, hayaƙi ma haka, amma jinjirin wata a sarari mai tsabta ba zai yi mini ba. In na gan shi, garin ne. In ban gan shi ba, na san inda na kwana.

Na je wurin mutumin da yake aika mana kaya gida, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, na ce ya nemo mini garin da rana take faɗawa cikin ruwa.

Ya ce, "Mma, ke kaɗai? A wannan cunkoson? Wata ai yanzu a waya ake jin labarinsa."

Na ce, "Alhaji, ba jinsa nake so ba. Gani ya kori ji."

Ya girgiza kai, ya tambayi wata ma'aikaciyarsa 'yar ƙasar, ta faɗi wani ƙaramin garin masunta, har ta buga waya ta samo mini ɗaki a gidan wata tsohuwa. Ban gaya wa kowa ainihin abin da zai kai ni ba. Badamagariya ta ƙulle mini dabino da kilishi a leda tana mita. Ta ce, "In teku ya tafi da ke, mayafanki nawa ne." Na ce, "Ki kai su Damagaram, can ba mai tambayar shuɗi ne ko baƙi."

Tasha ta cika maƙil, kowa da jakarsa da ɗansa a kafaɗa. Rubutun da ke jikin motocin bai tsorata ni ba, tunda ni duk rubutu ɗaya ne a wurina, nasu da na boko. Ɗan Zango ya yi magana da direba ta wayata, aka zaunar da ni kusa da taga. Muka daɗe muna ratsa masana'antu, sannan gonakin shinkafa suka fara, da ayaba, da tafkunan kiwon kifi. Da muka kusa, sai ga itatuwa a kwance da gidajen da rufinsu ya yaye, alamar wata babbar iska ta bi ta nan ba da daɗewa ba. Saman kuwa ya buɗe, har na ji ƙirjina ya yi sauƙi.

Garin titi ɗaya ne mai gangarawa zuwa ruwa. Hagu da dama busasshen kifi ne a shanye, warinsa ya tuna mini layin 'yan kifi na kasuwarmu. 'Yan hutu sun cika ko'ina, yara da tayoyin roba a ƙugu. Mai masaukina tana zaune a ƙofar gida tana ɗinkin komar kamun kifi. Gajeriya ce, da baƙin wando da faffaɗar malfa, za mu yi sa'a da ita. Kalmomin da ke tsakaninmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba: gaisuwa, godiya, sai "yo", wato akwai, da "meyo", wato babu, waɗanda na koya a kasuwa. Ta kawo mini shayi, na nuna rana, na toshe bakina, na nuna inda ranar za ta faɗi. Ta gyaɗa kai ta mayar da shayinta ba tare da ta ji haushi ba.

Da la'asar sakaliya na gangara. Na taɓa hango teku ta tagar mota a Jidda, amma ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Yana zuwa yana komawa, yana numfashi kamar babbar dabba mai barci. Tsohuwar ta biyo ni, ina jin tsoro take kada baƙuwarta ta faɗa ruwa. Na durƙusa na zana mata jinjirin wata a kan yashi, na nuna yamma. Nan take ta gane, har da tafa hannu. Ashe su ma masunta da wata suke lissafin ruwansu, sun san ranar da zai cika da ranar da zai janye. Ta dubi yamma, inda gajimare ya yi gini tun daga bakin ruwa har sama, ta ce, "Meyo."

In faɗa muku gaskiya, na ji daɗin gajimaren nan. Ya ƙara mini kwana ɗaya ina mai ido.

Washegari aka cika azumi talatin. Na wuni ina yawo a hankali, ba mai jirana, ba mai kirana, abin da na manta rabona da shi. Da hantsi ruwan ya janye can nesa, jiragen kamun kifi suka kwanta a taɓo kan haƙarƙarinsu kamar awaki a inuwa. Mata suka shiga taɓon da ƙananan fartanyu suna tono wasu abubuwa masu ɓawo. Na zauna ƙarƙashin wata bishiya da carbina. Wasu 'yan hutu suka zo suna roƙon a ɗauke mu hoto, na gyara ɗaurin kallabi na ba su dama, suka yi ta godiya kamar na ba su kyautar saniya. Da azahar na yi alwala da ruwan tekun, gishirinsa ya bushe mini a goshi. Tsohuwar kuma ta ja ni har madafa, ta nuna mini tukunyar da ta goge tas, da kifi da citta da shinkafa, don an gaya mata a waya abin da ba na ci.

Yammacin ranar babu ko ƙyallin gajimare. Muka hau kan wasu duwatsu a ƙarshen gari. Rana ta yi ja, ta taɓa ruwa, ta nutse. Na yi bismilla na sa dabino a baki. Sannan na yi yadda mahaifiyata ta koya mini: na miƙa hannu, na dunƙule shi a kan gurbin da rana ta bari, na ɗan karkata hagu, ban ƙura ido ba, na bar shi ya zo da kansa. Watan da aka cika masa talatin ba ya ɓuya, ko yaron goye sai ya nuna shi.

Ja nake gani, sai wani fari-fari a kansa, kamar mai leƙe ta cikin jiƙaƙƙen mayafi. Na goge ido da gefen zane na sake dubawa.

Sai tsohuwar ta ɗaga murya, "Yo! Yo!" tana nuni. Mutanen da ke kusa suka ɗaga kai, wasu suka ɗaga wayoyinsu. Ta kama haɓata ta juya mini fuska. Ta kama yatsana ta miƙa shi sama, ta riƙe shi daidai inda yake. Na bi hannuna da kallo har ƙarshen farce. Bayan farcen babu komai.

Na ce mata, "Meyo."

Ta saki hannuna. Ta daina kallon sama, ta matso ta leƙa cikin idanuna, ɗaya bayan ɗaya, har ina jin warin kifin da ke jikin rigarta. Sannan ta nuna nata idon na dama, ta ja farce a iska kamar mai fiɗa, ta rufe shi da tafin hannu, ta ɗan jima, ta buɗe, ta ware shi sosai, ta nuna watan. Ta dafa ƙirjina, ta sake yin duk wannan daga farko, don kada in ce ban gane ba.

Na gane. Ban yi kuka ba. Na ɗaga hannu wajen da ta nuna na yi addu'ar da ake yi in an ga sabon wata, na roƙi Allah ya tsayar mana da shi da aminci da imani. Na yi sallar magariba a kan duwatsun, ita kuma tana tsugune gefe tana riƙe mini takalma.

Muna cin kifinmu wayata ta yi ƙara. Badamagariya ce. Ta ce, "To, sarauniyar masu ido, gobe Sallah, masallaci ya sanar. Kin ga watan naki?"

Na ce, "An gan shi."

Ta ce, "Ba haka na tambaye ki ba. Ke kin gani?"

Na ce, "An gan shi, Hajiya."

Sai ta ce, "Yaya, ki dawo a hankali. In an buɗe kasuwa tare za mu shiga, ke ki taɓa yadin, ni in faɗa miki launin." Ba ta taɓa ce mini Yaya ba.

Idi ya wuce ni a shekarar, don ba motar da za ta kai ni a kan lokaci. Da safe na yi wanka, na yafa sabon mayafina wanda har lokacin ban tabbatar ko baƙi ne ko shuɗi ba, na gangara bakin ruwa na yi ta kabbara ni kaɗai. Sauran dabinon na juye wa tsohuwar a kwano, ita kuma ta cusa mini busasshen kifi a jaka, ta raka ni har mota tana ta nuna idonta tana nuna ni.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Badamagariya ta cika alkawari, tare muka yi sarin, kuma kayan sun karɓu a Kano, har yau tana cewa idon Damagaram ne ya ciyar da Kanawa a shekarar. Ƙafa ta hana ta tafiya yanzu, sai dai mu yi faɗanmu a waya. Ɗan Zango ya koma Kumasi, can Allah ya karɓi abinsa. Tsohuwar ban sake jin labarinta ba, ban ma san sunanta ba, amma duk sabon wata sai ta faɗo mini a rai. Ni kuwa ina sauka gida na ce wa babban ɗana ya kai ni asibitin ido, ni da a da ko allura sai an yi da gaske. Aka ce yanar ido ce, aka cire. Na dama ya washe, na hagu bai dawo duka ba. Ban ƙara zuwa Guangzhou ba, na miƙa wa 'yata sana'ar, sai dai in kaya sun iso ta kawo mini in taɓa in faɗi ra'ayina. Soro kuma gwiwa ta hana ni hawa, daga tsakar gida nake dubawa, wata shekarar in gani, wata shekarar a nuna mini.

Nan na sauke kayana, ga kunnuwanku nan na mayar.