Sirdin da na sa aka rage wa tudu

Da na fita takaba aka zauna rabon gado a Korgom, na ce ba na son awaki, a sa mini tsohon babur ɗin maigidana cikin tumunina. Wan mijina ya dube ni kamar na yi saɓo, don ya riga ya yi wa masu sayen tsohon ƙarfe alkawari.

"Mi mace za ta yi da moto?" in ji shi.

Bai san marigayi ya koya mini tuƙi a bayan gona ba, tun da ciwo ya fara kashe masa hannu. Kuma tun rasuwarsa babu wanda ya kai Inna, uwar mijina, likita a Tasawa karɓar maganin hawan jini. Kullum sai gobe. Abin yana ƙona mini rai.

Babur ɗin ƙirar da ne, ya girmi 'yata ta fari, amma inji lafiya lau. Sirdin ne ya mutu. Fata ta tsattsage, kaji sun tsattsage soson, an ɗaure sauran da roba. Na kai fatar jar akuyar da muka yi layya da ita aka jeme, na kwance sirdin na jefa a buhu, na kai wa wani baduku a bayan tashar Tasawa.

Mutumin ya iya aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kankare tsatsar farantin ƙasa, ya sa sabon soso, ya ja fatar ta kwanta sumul. Sai dai da na koma karɓa na tarar gaban ya yi tozo kamar na raƙumi, bayan kuma fankameme.

"Hajiya, na yi miki bayan da taushi," ya ce yana washe baki. "Gaban kuma na ɗaga ma wanda za shi tuƙa ki."

"Wa ya ce maka tuƙa ni za a yi? Kwance ɗinkin ga."

Ya yi ta roƙo, wai in aka kwance, hudar basilla za ta fito fili, aikin zai yi muni. Na ce ya yi munin. Na ciro igiyar da na auna tsawon ƙafata da ita a gida, na miƙa masa. 'Yan kabu-kabun da ke inuwar suka yi ta dariya, ni kuwa na zauna bisa benci na harɗe hannu har ya yanke soson da wuƙa ya sake ɗinki. Tsofaffin hudojin suna nan a jere har yau, ban taɓa rufe su ba.

Da safe na fito da babur ƙofar gida na buga, ya tashi. Mazan da ke zaune a majalisa suka juyo suna kallo. Inna ta fito da mayafinta, wan mijina ya sha gabanta.

"Inna, ba ki hawa bayan mace gari na kallo."

Ta shafa jar fatar da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa.

"To ina naka moton?" ta ce masa.

Ba shi da shi. Ta hau ta karkace, ta riƙe ni a ƙugu kamar yadda take riƙe ɗanta marigayi.

A bakin gari akwai rairayin da ke kayar da maza. Muna shiga babur ya yi tangal-tangal, na ji ihun masu jiran faɗuwarmu a baya. Na sauke ƙafafuna duka biyu, suka taka ƙasa daram.

"Tahi, ɗiyata," in ji Inna. "Kada ki waiwaya."