Garken Namadi a Bakin Gada

Idan ka shiga shagon kwamfuta na Mannir da ke bayan tasha a Tambuwal bayan la'asar, za ka tarar da mutum guda da bai yi kama da wurin ba. Dogo ne siriri, malfarsa a kan gwiwa, sandarsa jingine da tebur, ya riƙe linzamin kwamfuta da yatsu biyu don kada ya ji masa ciwo. Wannan shi ne Namadi, taubashina. Mahaifiyarsa ƙanwar babana ce da ta yi aure cikin Fulanin wajen Fakku, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Ni Sama'ilu nake, amma bakinsa bai taɓa kirana da haka ba, sai dai Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe.

Kiwo ya tashi yana yi, har wata damina da suka zo ƙetare gulbi a ƙasar Kebbe. Garke duk ya haye, sai wata gurguwar karsana da ruwa ya ja. Kowa ya ce a bar ta. Namadi ya koma, ya fito da ita, ya baro lafiyar gwiwarsa a cikin ruwan. Daga nan ƙanensa ya karɓi shanun, shi kuma ya dawo gari yana dillanci a kara ranar kasuwa. Sauran ranakun ba ya da aiki sai neman wanda zai yi wa gardama.

A shekarar da nake ba da labari, gardamar ta koma cikin gidansa. Babban ɗansa Haliru, wanda ya gama sakandare yana kabu-kabu da babur, ya nemi aikin soja ya kuma samu, saura tafiya horo. Yaron ya ce ba ya taka mota sai da albarkar ubansa. Uban kuwa ya ce a'a, ya kuma rufe bakinsa a kan haka. Ni da matarsa Safiyyatu mun yi magana har mun gaji. Lokacin tafiya yana ta matsowa, kuma idan ya wuce, ya wuce ke nan.

To, akwai wani wasan kwamfuta da muke yi a shagon. Cajin waya ne ya fara kai Namadi shagon, ya same mu mun duƙufa. Wasan yaƙin Turawa ne na zamanin da. Kai ne kwamanda, kana kallon fili daga sama, ka kafa sansani, ka tara mai da ƙarfe, ka ƙera tankoki, ka tura sojoji, duk a lokaci guda, don abokin gaba ba ya jiran ka gama shawara. Kowannenmu da ra'ayinsa a kai, kuma kowa ya tabbata sauran ba su san komai ba.

Mannir ya ce wasan gaba ɗaya sauri ne: ka tara ƙananan tankoki ka afka wa mutum tun bai gama gina banɗakinsa ba. Malam Sharifu, mai koyar da tarihi, igwa ce tasa. Zai jera su a bayan tudu yana ruwan wuta, yana kuma ƙorafin cewa waccan tankar ba a ƙera ta ba sai bayan an gama yaƙin, kamar akwai wanda ya tambaye shi. Ni jiragen sama nake so, su kuma suna cewa wannan yaƙin ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, a sa hannu daga nesa a koma a zauna. Ban ce sun yi ƙarya ba.

Namadi ya tsaya a bayanmu ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna allon da bakin sandarsa.

"Waɗanga mutane, ina sunka sha ruwa yau?"

Mannir ya ce ba sa shan ruwa.

"Ba su sha, ba su kwana, ba su da mai duba ƙafafunsu. Wanda ya yi wasan ga bai taɓa kora ko akuya ba."

Duk da haka washegari ya dawo, ya ce a nuna masa.

Allah ya sani na yi zaton kwana biyu zai yi ya watsar. Sai ga shi ya iya, amma irin iyawar da ba mu taɓa gani ba. Tankar farko da ta fito daga masana'antarsa ya sa mata suna Ɓale, wai baƙa ce. Ta biyu Woɗe, ta uku Saye, duk sunayen shanunsa na da. Mu a wurinmu tankokin duk iri ɗaya ne, shi kuwa ya rantse kowace da halinta, wai Saye tana da son ratse hanya. Da ya ga ɗaya ta fara hayaƙi, sai ya janye rundunar duka a raka ta gyara. Kafin ya motsa ko'ina sai ya aika mutum ɗaya ya dubo hanya ya dawo. Idan an matsa masa, ya kwashe kowa da kowa ya koma can kusurwar taswira inda akwai itatuwa, ya ce nan ya fi ciyawa.

Idan muna karawa da juna bai taɓa ci ba, amma cinye shi ma wahala ne, don sai ka yini kana nemansa a daji. Mannir har haushi yake ji. "Baba Namadi, yaƙi fa ake yi, ba mashekarin shanu aka zo ba." Shi kuma ya ce, "Kai dai ƙirga naka da sunka rage."

A ɓangaren da mutum ke bin labarin yaƙin shi kaɗai da kwamfuta, haƙuri ya yi ta haye da shi mataki bayan mataki, bai rasa ko direba ba. Har ya iso matakin gada.

Ga yadda matakin yake. Abokan gaba sun fi ƙarfinka nesa ba kusa ba, aikinka kawai ka ja da baya, ka haye da rundunarka gada, a fasa ta. Amma dole wasu su tsaya a bakin gadar su tare hanya har sauran su wuce, kuma waɗanda suka tsaya ba sa dawowa. Sharaɗi ɗaya ne: motar kwamanda ta tsira. Dukkanmu mun wuce wurin tun tuni, ko a jikinmu.

Namadi ya maƙale. Ya gwada zagayawa ta gabas, ruwa. Ya gwada hayewa da gudu, aka cim musu. Duk lokacin da ya ga za a rasa wani, sai ya ce a mayar masa farko. Ra'ayoyi suka yi ta zuba. Malam Sharifu ya ce ya bar igwa biyu, ai ƙarfe ne. Namadi ya ce akwai mutane a bayan igwar. Na ce ya rufe ido ya danna, ya ce Kaɗo dama da ido rufe yake aiki.

Wata la'asar Haliru ya shigo kawo wa Mannir saƙo, ya tsaya a bayan ubansa yana kallo. Mannir, wanda bakinsa ke riga hankalinsa fita, ya leƙo ya ce, "Baba, abin fa ba wuya. Sabbin kurata ake bari. Ba su da horo, ba su da tsada, in sun tafi ka ƙera wasu."

Malam Sharifu ya shiga goge tabaransa. Ni kuwa da ina kusa da Mannir da na taka masa ƙafa.

Namadi bai juyo ba. Ya ce, "Ka ji ko, Haliru? Wanga shi ne aikin da kaka so. Kurtu. Wani na zaune bisa kujera shi danna ka."

Haliru yaro ne mai kunya, ban taɓa jin ya mayar wa ubansa magana ba. Ya durƙusa a gefen kujerar, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ranar da ka koma ruwa don karsanar nan, wa ka tambaya?"

Ya ƙara da cewa:

"Inna ta ce kowa ya hana ka. Ba ka tambayi kowa ba. Ni ko tambaya nika yi."

Ya tashi ya fita. Namadi ya zauna yana kallon gadar har janareta ya mutu, bai taɓa linzamin ba. Na tausaya masa ƙwarai, har na kasa tsokanarsa, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara.

Kwanaki ya ɗauke ƙafa daga shagon. Sai ana gobe motar su Haliru za ta tashi ya shigo, ya ce a kira masa yaron. Da Haliru ya zo, ya ce a buɗe masa matakin gada. Muka taru a bayansa.

Kuratan ya fara turawa. Su ne suka fara hayewa, sannan motocin masu rauni, sannan igwa. Ɓale ta bi, Woɗe ta bi. Saye ta so ratsewa, ya dawo da ita yana yi mata faɗa da Fulatanci. Abokan gaba suka ɓullo ta kan tudu. Mannir ya ce, "Baba, ba ka bar kowa ba." Bai kula shi ba. Ya ɗauki motar kwamanda, wadda ke da ƴar bindiga ɗaya a ka, ya gicciya ta a bakin gadar.

"Ai wannan ita ce ba a so a rasa," in ji Malam Sharifu.

"Na sani, Malam."

Motar ta daɗe fiye da yadda muka zata. Tana ta hayaƙi, yana ta matsar da ita nan da can yana tare hanya, har tankar ƙarshe ta sauka a ƙetare. Gada ta fashe, motar ta kama da wuta, allo ya yi ja.

Mannir ya ce a hankali, "An cinye ka, Baba. Haka ya rubuta."

Namadi ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ta bayan jan rubutun ana iya ganin rundunar tsaye a ɗaya gaɓar. Ya bi su da yatsa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da kuratan, waɗanda ban san ya raɗa musu suna ba.

"Duk sun haye?"

"Sun haye, amma wasan ya ce..."

"Wasan shi faɗi abin da shika so."

Ya ɗauki malfarsa, ya dogara sanda ya miƙe. Sai a lokacin ya dubi ɗansa. "Tafi ka gaya ma uwarka ta soya maka nama, hanya da nisa. Allah shi yi maka albarka, shi kai ka, shi maido ka." Haliru ya sunkuyar da kai. Malam Sharifu ya sake cire tabaransa, alhali babu ko ƙura a jikinsu.

Washegari da hantsi muka raka Haliru tasha. Safiyyatu ta yi kukanta a gida. Namadi bai yi wata doguwar nasiha ba, ya dai duba takalmin yaron ya ce ya kula da ƙafafunsa. Da motar ta hau titin Sakkwato, ya tsaya a bakin kwalta, ya jingina da sanda ya ɗage gurguwar ƙafar, yadda yake tsayuwa a bayan garke. Motar ta ɓace, yana nan tsaye. Na ce, "Arɗo, gadar ta fashe, mu je gida." Ya ce, "Yi gaba, Kaɗo, ina tafe." Ban yi gaba ba.

Har yau a matakin gada yake. Mannir ya sha cewa zai haye masa da shi ya ga sauran wasan, wai akwai dusar ƙanƙara a gaba, ya ƙi. Malam Sharifu na ganin taurin kai ne, Mannir na ganin asarar man janareta ce, ni kuma na daina ba da ra'ayi. Kullum bayan la'asar yakan zo ya tura kurata gaba, ya gicciya motarsa, allo ya yi ja, ya ƙirga su. Wayarsa tana nan gefen hannunsa a jone da caji, ko da ta cika.